Rezin ya yi hayaƙi, facin jirgin ya tsattsage

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Wata uku ke nan ina koyon aikin fayiba (fiberglass) a Yauri. Na yi wa wani jirgin ruwa faci a ƙasa, rezin ɗin (ruwan gam ɗin da ake facin da shi) ya ɗau zafi a roba har yana hayaƙi, da ya bushe kuma sai ya tsattsage. Wani ya ce min hadina (sinadarin da ke sa rezin ya daskare) ce ta yi kaɗan, in ƙara. Jirgin nan fa mutane yake ɗauka ranar kasuwa, wallahi na kasa barci.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kar jirgin nan ya taɓa ruwa tukuna. Kuma wanda ya ce ka ƙara hadina, don Allah ka daina ɗaukar shawararsa, domin yawanta ne ma ya jawo maka wannan.

Maganar nan ta "a zuba da yawa ya fi ƙarfi" kullum sai na ji ta, har na gaji. Hadina ba siminti ba ce, aikinta kawai ta tayar da rezin ya fara daskarewa, shi kuma yana daskarewa yana fitar da zafi. In ta yi yawa sai ya dafa kansa, ya yi duhu, ya yi tauri irin na kwalba, kana ƙwanƙwasawa ka ji gam kamar dutse amma igiyar ruwa ɗaya ta buge shi ya dare. Masu wannan aika-aika sauri suke, su kama faci biyar a yini su karɓi kuɗi su wuce, ba su ne za su zauna a jirgin a tsakiyar Kainji ba, matan da suka ɗauko buhunan shinkafa da goyo a baya ne. Na sha ganin robar kwaɓi ta narke tana hayaƙi a gefen jarkar fetur, mai aikin yana tsaye yana cewa wai alamar kaya mai kyau ce!

Ma'aunin hadinar MEKP a rezin ɗin polyester kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. A zafin Yauri lita ɗaya ta rezin mililita 10 na hadina ya isa, in da sanyin asuba ne lokacin hunturu ka kai 20, kar ka wuce. Sirinji za ka saya, ba murfin kwalba ba, ba "na san hannuna" ba. Ka riƙa kwaɓa rubu'in lita a faffaɗan mazubi, a inuwa.

Facin nan gurje shi za ka yi gaba ɗaya da giranda, ka kwantar da bakin ramin, in kaurin jikin milimita 5 ne gangaren ya kai santimita 6 ta kowane gefe. Goge da asiton, wato sinadarin da ke cire maiƙo, ka bari ya bushe ƙayau, rezin ba ya shiri da danshi. Shimfiɗar mat, wato zanen zaren fayiba, kar ta wuce uku a lokaci guda, ka bi da rola har farin nan ya ɓace, duk inda ka ga fari-fari iska ce a ciki.

Sannan in kana da kobal, wato sinadarin da ke hanzarta daskarewa, a cikin rezin ake fara juya shi sosai, kar ka kuskura ya haɗu da hadina kai tsaye, wuta ce nan take. Ka sa tabarau, ɗigon hadina ɗaya a ido na iya makantar da kai. In tsautsayi ya sa ta fantsama, ruwa za ka yi ta kwarara aƙalla minti 15, daga nan sai asibiti.