Kes ko Ɗawainiya? Amsoshi Kan Kalmomin Masu Mayar da Mutane Bakin Sana'a

Tambayoyin wannan karo daga wuri guda suka fito: ma'aikatan da ke taimaka wa waɗanda hatsari, ciwo ko wata lalura ta raba su da aiki don su koma neman na kansu. Shi ya sa na haɗa su.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, a ofishinmu cewa ake yi "kes nawa ne a hannunki?" Shin akwai Hausar da ta fi wannan?

Akwai, Malama, kuma da ma jira nake wani ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ba aro nake ƙi ba. Fayil aro ne, ofis aro ne, kuma sun zauna lafiya. Ita kes matsalarta ta riga ta yi gida a Hausa, kuma ba gidan arziki ba. In aka ce wane yana da kes, ba wanda zai kawo asibiti ko koyon sana'a a ransa. 'Yan sanda da alƙali za a tuna. To direban da ganinsa ya ragu har ya ajiye mota, laifin me ya yi da za a ce masa kes?

Na taɓa raka wani ɗan'uwana ofishi irin naku, bayan inji ya cinye masa yatsu uku. Muna zaune a benci sai ma'aikacin ya waiwaya ya ce wa abokin aikinsa, "Miƙo min kes ɗin nan na yatsu." Ɗan'uwana ya zura hannun a aljihu, bai ƙara fito da shi ba har muka tashi. Ma'aikacin nan ba mugu ba ne, fayiloli ne suka taru a teburinsa har sun kusa kai masa haɓa. Haka yawa ke yi wa baki: suna ke fara ɓacewa, sai lalurar ta gaje shi.

Kalmar da kike nema ita ce ɗawainiya. Ki lura da bambancinta da 'yan'uwanta. Kaya ƙirga shi ake yi, a ɗora, a sauke. Nauyi ji ake yi a jiki ko a zuciya. Ɗawainiya kuwa lokaci take ci, da kai-komo, da buga waya, da tunawa da mutum ko da ba ya gabanka. Ki ce, "Mutum nawa kike ɗawainiya da su?" Kuma wannan ba ado ba ne kawai, zai yi miki rana a gaban shugabanki. A ce ke da abokiyar aikinki kowace na da mutum 60. Nata yawancinsu sun kama aiki, sai gaisuwa ta waya jefi-jefi. Naki sababbi ne: wannan na jiran takardar likita, wancan bai yanke shawarar sana'ar da zai koya ba, wani kuma sai an je an shawo kan mai kamfani kafin ya ɗauke shi. In kes ake ƙirgawa kun yi kunnen doki. In ɗawainiya ake aunawa, kowa ya san wadda ba ta barci.

Tambaya: Nakasa ne ko naƙasa? Kuma wanne ya fi ladabi, naƙasasshe ko mai buƙata ta musamman?

Da ƙ mai lanƙwasa ne. Asalinta Larabci, daga tushen da ke nufin tawaya ko raguwa. Masu cewa wayarsu ce ba ta da harafin, ina jin su, amma wayar nan ba ta hana su nemo hoton zuciya da na dariya ba.

Sai batun ladabi. Naƙasasshe irin su karyayye da fasasshe ne, siffar ta lulluɓe abin gaba ɗaya. Mai naƙasa kuwa mutum ne da yake da abu, kamar mai mota ko mai ciwon kai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙoƙinsu ma mutum ta fara ambata kafin naƙasar. "Mai buƙata ta musamman" tana da taushi, ban musa ba, sai dai ta yi faɗi: jariri ma yana da buƙata ta musamman, tsoho ma haka. A gaisuwa ko taro ta yi. A fayil, inda ake son a san ko kujerar guragu za a nema ko mai fassarar maganar hannu, rubuta abin da ke akwai.

Tambaya: Na ga an fassara aikinmu da "gyaran hali". Daidai ne?

Ko kusa. Gyaran hali na wanda halinsa ya ɓaci ne, shi ya sa ake kiran kurkuku da haka. Wanda ya faɗo daga gini bayansa ne ya taɓu, ba halinsa ba. Yarjejeniya mai lamba 159 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1983, ta ce manufar aikin ita ce mai naƙasa ya samu aikin da ya dace da shi, ya riƙe shi, ya kuma ci gaba a cikinsa. "Mayar da mutum bakin sana'a" ta fi kusa, wanda bai taɓa aiki ba kuma a ce "ɗora shi a kan sana'a".

Tambaya: Mene ne bambancin shawara da nasiha?

Nasiha daga sama take gangarowa, mai ji nasa godiya. Shawara ta mutum biyu ce, shi ya sa ake "yin" ta da mutum, ba "ba shi" kawai ba. Mashawarcin da mutane suka yi masa yawa yakan zame ya koma mai nasiha, don ta fi sauri. Ya tuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya: Shugabanmu ya ce a bi layi wajen karɓar mutane, wai "wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi". Karin maganar ta hau?

Ba ta hau ba, an dai cusa ta ne. Magana ce kan shekaru da gogewa: wanda ya girme ka ya riga ka ganin duniya, kada ka yi masa wayo. Babu ruwanta da wanda ya riga kai takarda. Wannan ɗabi'a ta cafko kalma ɗaya a karin magana, a nan "riga", a gina hukunci a kanta, tana yaɗuwa, kuma tana damuna.

Shi kansa bin layin ba ko'ina ya zama doka ba. A Amurka, ƙarƙashin dokar 1973 ta mayar da masu naƙasa bakin sana'a da gyare-gyarenta, idan hukumar jiha ta kasa ɗaukar ɗawainiyar duk waɗanda suka cancanta, waɗanda naƙasarsu ta fi tsanani ake fara yi wa aiki, sauran su jira. Can kuma kwana 60 ake ba ma'aikaci ya tantance cancanta, sannan kwana 90 a rubuta tsarin neman aikin tare da mai shi. In shugabanku karin magana yake so ya liƙa a bango, wa'adi irin wannan "ba a fafe gora ranar tafiya" yake buƙata.

Tambaya: In mutum ya samu aiki muka rufe fayil ɗinsa, za mu ce "mun sallame shi"?

Kul! Mutumin da jiya-jiya ya kama aiki, ka ce wa iyalinsa an sallame shi, ai sai a ɗora hannu a ka. Ku ce "mun yaye shi", kamar yadda maigida ke yaye yaronsa na sana'a. Yaye ba ya zuwa sai an ga mutum ya tsaya da ƙafarsa. A Amurkar da na ambata sai ya yi aƙalla kwana 90 a bakin aikin kafin a rufe.

Tambaya: Bibiya ko bin diddigi?

Bibiya. Bin diddigi na wanda ake zargi ne.