Amsa ga ƙanena kan fasfo da hutun jirgin ruwa a Amurka

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da shirin karatunka a Amurka ya yi nisa. Ka ce saura wata goma fasfonka ya ƙare, kuma ɗaliban da za ka tarar a can suna shirin fita hutu a jirgin ruwan shaƙatawa daga Miyami zuwa tsibiran Karebiyan idan zangon farko ya ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya gaya maka wai irin wannan tafiya ba ta buƙatar fasfo, shi ya sa kake tambaya ko ya dace ka wahalar da kanka wajen sabunta naka tun yanzu.

Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tasa ta 'yan ƙasa ce, kai kuwa baƙo za ka zo. Tun daga 1 ga Yuni 2009 Amurka ta tsaurara dokar shiga ƙasar ta ruwa da ta tudu, amma ta bar wa 'yan ƙasarta wata ƙofa: idan jirgin ya tashi daga wata tashar Amurka, ya zaga Meziko ko Bahamas ko Bamuda ko sauran tsibiran yankin, sannan ya komo tashar da ya tashi, ɗan ƙasa yana iya dawowa da takardar haihuwa da katin shaida mai hoto wanda gwamnati ta bayar, kamar lasin tuƙi. Daga nan ne gardama kan ko a yi fasfo ko kada a yi ta samo asali a tsakanin Amurkawa, domin sabon fasfo na babba yana cin dala 165 idan an haɗa da kuɗin karɓar takardu, iyali mai mutum biyar kuwa dole su tsaya su yi lissafi kafin su kashe wannan kuɗi saboda tafiyar kwana huɗu. Akwai kuma katin fasfo na dala 65, wanda ake shiga da shi ta ruwa da ta tudu, amma ba a dawowa da shi daga waje ta jirgin sama.

Ko a tsakanin 'yan ƙasar ma ni ina tare da masu cewa a yi fasfon, kuma abin da na gani da idona ne ya sa. A Kozumel, wani tsibiri na Meziko, ina tsaye a barandar jirgi da yamma aka busa ƙaho, ma'aikata suka janye gadar shiga, sai ga wani mutum da matarsa sun ɓullo a guje daga can ƙarshen dandamalin tashar, ita tana riƙe da takalmanta a hannu, shi yana ɗaga wata leda yana kururuwa. Jirgin ya riga ya ja da baya, kuma bai tsaya ba. Mai fasfo a irin wannan hali zai sayi tikitin jirgin sama ya tari jirgin a zango na gaba ko ya koma gida, wanda kuwa takardar haihuwa kaɗai gare shi sai ya nemi ofishin jakadanci, ya jira a yi masa fasfon gaggawa, yana biyan kuɗin masauki. Haka abin yake idan rashin lafiya ta sa aka sauke mutum a asibitin wani tsibiri. Da muka dawo na yi wa yarana biyu da aka haifa a nan fasfo, duk da cewa na yaro ɗan ƙasa da shekara 16 shekara biyar kawai yake yi, ba goma ba irin na manya.

Kai da za ka zo da bizar ɗalibi ta F-1, fasfo shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a nema a hannunka. Da zarar jirgin ya yada zango a wata ƙasa, ka fita daga Amurka ke nan a idon hukuma, dawowarka kuma sabuwar shiga ce. Jami'in shige da fice zai duba fasfon, ya duba bizar da ke ciki ko tana da sauran rai kuma ko ta shiga sau da yawa ce, sannan ya nemi takardar I-20, wato shaidar ɗalibta da makaranta take bayarwa, mai ɗauke da sa hannun tafiya na jami'in makarantarka, wanda yake aiki na tsawon wata goma sha biyu ga ɗalibin da ke cikin karatu. Yawancin kamfanonin jiragen kuma suna so ya zama fasfon yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Ka ƙirga da kanka: fasfon da ya rage masa wata goma yau ba zai cika wannan sharaɗi ba a lokacin da kuke maganar tafiya.

Akwai wani sassauci da ɗalibai suke yawan dogara da shi, wanda ya ba mai bizar F irin taka, ko J ta shirin musayar ɗalibai da masana, da ta ƙare damar dawowa da ita idan tafiyarsa ba ta wuce kwana 30 ba, kuma bai je ko'ina ba sai Kanada ko Meziko ko tsibiran da ke maƙwabtaka, ban da Kuba. Dokar gaskiya ce, amma tana da tarko. Jiragen da ke bin yammacin Karebiyan sukan tsaya a Beliz ko a Rowatan ta ƙasar Honduras, waɗannan kuwa ba sa cikin jerin, don haka zango ɗaya a can ya isa ya rushe sassaucin gaba ɗaya. Ni dai ba zan so ka jingina digirinka da fahimtar ma'aikacin da ke tantance takardu a bakin tasha ba, wanda ɗaruruwan mutane suke jere a gabansa.

Sai batun bizar ƙasashen da jirgin zai tsaya, wanda shi ne ya fi kama mutanenmu ba shiri. Meziko tana karɓar mai bizar Amurka mai rai ba tare da neman tata ba, amma kowane tsibiri da tasa dokar, kuma ƙasar da ta ba ka fasfo ake dubawa, ba inda kake karatu ba. Misalin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tafiyar Alaska. Mutum zai ga jirgi ya tashi daga Siyatil zuwa Alaska ya komo Siyatil, ya ɗauka bai bar Amurka ba, alhali wata doka ta 1886 ta sa jiragen da ke da rajistar ƙasashen waje, waɗanda su ne kusan dukkan manyan jiragen shaƙatawa, dole su taɓa wata tashar ƙetare. Saboda haka sukan tsaya a Biktoriya ta Kanada, wani lokaci na 'yan sa'o'i kawai da dare. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Kanada sai ya mallake ta, ko da ya yi niyyar kwanciya a ɗakinsa har a bar garin. Wani abokin aikina an hana shi shiga jirgi a kan wannan, da akwatinsa a hannu, kuma kamfanin bai mayar masa da ko kwabo ba, domin yarjejeniyar tikitin ta ɗora alhakin takardu a wuyan fasinja.

Shawarata ita ce ka sabunta fasfon tun kana gida, kafin ranar ganawarka a ofishin jakadanci, yadda za a buga bizar a cikin sabon littafin, ka huta da yawo da fasfo biyu. Idan Allah ya kawo ka lafiya kuma maganar hutun ta tabbata, kada ka biya kuɗin tikiti sai ka karɓi jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka kai shi ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka tare da fasfonka da I-20, ka kuma turo mini shi in duba. Ka gaishe da Inna da mutanen gida.