Injin sassaƙa yana tsallake taku: duba jinkirin kwamfutar

Malam, ka ce injin da kake sassaƙa ƙofofin katako da shi a Ƙofar Ƙaura, Katsina, yana kaucewa daga zane in aiki ya yi nisa, kuma da tsohuwar laftof kake tuƙa shi ta LinuxCNC, manhajar sarrafa irin waɗannan injuna. Ni laftof ɗin nake zargi.

Motar injin tana tafiya ne taku-taku, kowane taku da bugun lantarki ɗaya daga kwamfuta. Dubban bugu ake aikawa a daƙiƙa guda, kowanne a kan lokacinsa. In kwamfutar ta shagala da wani abu, bugu ya makara, na bayansa su zo a cunkushe, sai motar ta kasa bi ta zubar da taku. Manhajar ba ta san an yi ba, shi ya sa zanen ke gocewa.

Kunna latency-test, gwajin LinuxCNC mai auna jinkirin kwamfuta, ka bar shi awa ɗaya ko fiye, kana kallon bidiyo kana kwafar manyan fayiloli a kwamfutar don ta shagala. In jinkiri mafi girma da ya nuna bai kai mikrosakan 20 ba (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), ya yi kyau ƙwarai. Daga 30 zuwa 50 za ka yi aiki, amma ka rage gudu. In ya haura 100, kada ka ɓata katakonka.

Laftof tana rage wa kanta gudu don tattalin batir da sanyaya jiki, balle a zafin Afrilun nan namu. Nemi kwamfutar tebur, ka kashe tsare-tsaren tattalin wuta a BIOS, wato saitunan asali da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. In da hali, sayi katin Mesa kamar 7i96, katin lantarki da ake sawa tsakanin kwamfuta da injin, shi ke samar da bugun da kansa. Kebul mai juya USB zuwa tashar firinta (parallel port, inda kwamfuta ke fitar da bugun) kuwa ba zai yi maka wannan aikin ba.