Filin Tambayoyinku (Oktoba 2025): Lakers ɗin Luka za su iya ɗaukar kofin NBA a kakar 2025-26?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu, ni na ce bana kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na Lakers ne tunda ga Luka Doncic ya rage ƙiba ga LeBron ga Reaves, shi kuma abokina ɗan Golden State wai ko zagayen farko na wasannin fidda gwani ba za mu wuce ba kamar bara. Don Allah a raba mana gardama kafin a fara kakar wasa. Daga mai karatu a Sabon Garin Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. To gaskiya kai da abokin naka kowa ya zarce, amma bari in fara da inda kake da gaskiya. Wajen cin maki Lakers ba su da matsala ko kaɗan. Luka yana shekara 26 a watan Agustan 2025 ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara 3 kan dala miliyan 165, kuma duk wanda ya kalli yadda ya ɗauki Slobeniya a kafaɗa a gasar Turai ya san yaron ya dawo da zafinsa, jikin ma ya faɗa sosai. Austin Reaves bara maki 20 yake ci a kowane wasa. In ka haɗa da LeBron, mutum uku masu iya riƙe ƙwallo su ƙirƙiro wa kansu da wasu, ba kowace tim ke da wannan ba.

Amma fa ka tuna me ya fitar da ku bara. Wasa 50 kuka ci, kuka zo na uku a rukunin Yamma, sai Minnesota ta zo ta yi muku 4 da 1, kuma a wasan ƙarshe Rudy Gobert, mutumin da kullum ake yi wa dariya wai bai iya jefa ƙwallo ba, shi ya ci maki 27 ya kwashe ribawun (cafe ƙwallon da aka jefa ba ta shiga kwando ba) 24, yana tsaye ƙarƙashin kwando yana danƙarawa babu mai tsayin da zai ce masa uffan, saboda Anthony Davis an ba Dallas shi a cinikin Luka, Mark Williams da aka so ɗaukowa daga Charlotte kuma cinikin ya rushe wajen gwajin lafiya. A wasa na huɗu ma koci JJ Redick mutum biyar ya bari a fili tun daga dawowa hutun rabin lokaci har aka tashi, minti 24 ba canji, ai ka ga alamar bai yarda da bencinsa ba ke nan.

Shi ya sa ni a wurina kakar nan ba a wuyan Luka take ba, a wuyan Deandre Ayton take, dogon ɗan wasan da Lakers suka ɗauko. Shi aka ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2018, shekarar da Luka ya zo na uku, ya je wasan ƙarshe da Phoenix a 2021, yana da tsayi yana da hannu mai laushi. Sai dai Portland, inda ya koma daga Phoenix, biyansa ta yi ta sallame shi, kuma ƙorafin da ake yi a kansa tun a Phoenix ɗaya ne, yau ya taso kamar zaki gobe ka neme shi a fili ka rasa. In ya yarda ya yi aikin wahala, ya tare masu tsaron Luka ya buɗe masa hanya ya ruga kwando ya kare raga, to Lakers abin tsoro ce. In kuwa halin nan ya biyo shi, sai dai a koma kan Jaxson Hayes, wanda Redick da kansa ya ajiye a benci lokacin da wuta ta yi wuta.

Ga kuma tsaron waje. Dorian Finney-Smith ya tafi Houston, an kawo Marcus Smart, eh shi ne gwarzon mai tsaron baya na 2022, amma tun da ya bar Boston rauni bai bar shi ya sarara ba. Luka da Reaves kuwa kowa ya sani su ake nema a kai wa hari. Yanzu ka ɗauko Oklahoma da ta ci wasa 68 bara ta ɗaga kofi, wa zai tsare tauraronsu Shai Gilgeous-Alexander? Ga Denver da Jokic, ga Houston ta ƙaro Kevin Durant. Hukuncina dai, za ku shiga shida na farko a Yamma, kuna iya wuce zagaye ɗaya, kofi kam ban gani ba. Shi kuma abokin naka ka tambaye shi shekarun taurarin Golden State, Curry da Butler da Draymond, duk sun kai 35 ko sun haura, ya rage baki.

Tambaya: Malam wai LeBron bai gaji ba ne? Kuma akwai ɗan Najeriya a tim ɗin? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar uwa, ranar 30 ga Disamba zai cika 41, wannan ce kakarsa ta 23, ba wanda ya taɓa yin haka a tarihin NBA. Bara ma maki 24 yake ci, to ba a ce ya ƙare ba, amma ciwon jijiyar da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa ya kama shi, ba zai buga wasan buɗe kaka da Golden State ran 21 ga Oktoba ba. Ni da zan ba Redick shawara ya dinga hutar da shi, a watan Afrilu, lokacin wasannin fidda gwani, ake buƙatarsa.

Ɗan Najeriya akwai a farkon kakar 2025-26, Gabe Vincent, shi ne ya ci maki 21 ranar da D'Tigers, tawagar ƙwallon kwando ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021. Daga benci yake tasowa, kuma da rashin LeBron ɗin nan ina ganin zai samu mintuna da dama a farkon kaka, in za ki iya tashi ƙarfe uku na dare ki kalla.