Karen mai gida da kalmar "nip"

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce matar da za ta ba ka hayar ɗaki a birnin Leeds na Ingila ta rubuto cewa tana da kwikwiyo, wai "he nips but he doesn't bite". Ka buɗe ƙamus ka ga nip cizo, bite ma cizo, shi ne kake tambaya ko raina maka hankali take yi.

Gaskiya ta faɗa maka. Nip mintsini ne, ko ɗan cizon da bai huda fata ba, irin wanda kwikwiyo ke kai wa dunduniya ko bakin wando in wasa ya yi daɗi. Bite kuwa shi ke kai mutum asibiti. Duk da haka ka tambaye ta ko karen yana shiga kicin da ɗakunan kwana. Kai mai salla ne, yawun kare a wando kullum aiki ne, ga shi a nan shanya sai ta kwana biyu ba ta bushe ba.

Kalmar tsohuwa ce, tun ƙarni na 14 take cikin rubutun Turanci. Masana harshe suna danganta ta da tsohon Jamusancin arewa da yaren Holan, inda har gobe knijpen ke nufin mintsini. Ka san hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin garmaho, tambarin HMV, kamfanin faya-fayen waƙa? Sunansa Nipper, an haife shi a Bristol a 1884, kuma cizon ƙafar masu kawo ziyara ne ya jawo masa sunan. Francis Barraud ne ya zana shi. Ka ga halin kwikwiyon mai gidanka ba yau aka fara ba.

Sai dai in ka sauka Ingila, ba da wannan ma'anar za ka fi jin ta ba, kuma karatunka na jarrabawar Turanci ta IELTS ba zai gaya maka ba. Makona na farko a wurin aiki, wata dattijuwa ta ajiye min makullai a kan tebur ta ce "I'm just nipping to the shop", ta ja jakarta ta fice. Na zauna ina lissafin wa za ta je ta mintsina a kanti. Ban gama ba sai ga ta da madara da biskit. Ashe "bari in leƙa kanti, yanzu zan dawo" take nufi. A wuni sai ka ji ta sau goma: a leƙa banɗaki, a leƙa banki, a leƙa maƙwabta.

Sai maganar sanyi. Daga watan Oktoba za ka fara jin "it's a bit nippy", wato iska na ɗan mintsini. Kada wannan "ɗan" ya yaudare ka. Abin da Bature ke kira nippy, in a Kano ne ranar ba mai fita sai da rigar sanyi biyu da kaskon wuta a ɗaki. Yara kuma tsofaffi kan kira su nippers, cikin raha. In malaminka ya ce "nip it in the bud", a tsinke matsala tun tana toho, shi ne namu na icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wurare biyu ka kiyaye. In aka yi maka tayin "a wee nip", musamman a Sikotilan, ɗan kurɓin wuski ne, ka ce ka gode. Na biyun ya fi nauyi: Nip da babban baƙi zagi ne ga Japanawa, an yanko shi daga Nippon, sunan ƙasarsu, ya kuma yaɗu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Asalinsa daban ne, amma furucin ɗaya ne, don haka kada ka kira wani da shi ko da wasa.

Rigar sanyin da ka ce za ka saya a Kantin Kwari, bar ta. Ka zo da kuɗinka mu je shagunan gwanjo na nan, nasu ne ke tare iskar.