Wuƙar fiɗar giwa, da sauran tambayoyinku a kan wuƙa

Wani matashi ɗan unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko mini da hoto haɗe da tambaya. A hoton, wata ƴar wuƙa ce mai ƙotar itace, an buɗe ta an ɗora a kan kututturen gawo, can bayanta ruwan tafkin Madarunfa yana ƙyalli da hantsi. Ya ce: "Malam, ranar Lahadi nakan hau babur in fita bayan gari da wannan a aljihu. In na sami wuri mai kyau sai in ɗauke ta hoto in sa a Facebook. Abokaina kanif suke ce mata, kakata ta ce yuƙa, ni kuma wuƙa nake rubutawa. Wanne ne daidai? Sannan wane karin magana zan sa a ƙarƙashin hoton? Na gaji da rubuta Faransanci."

Ɗana, kakarka ba ta yi kuskure ba, kai ma ba ka yi ba. Yuƙa da wuƙa kalma ɗaya ce, baki ne ya bambanta. Mu na nan yamma, Katsinawa da Gobirawa da Sakkwatawa, yuƙa muka taso muna ji a gida. Wuƙa ta Kano ce, ita ce kuma ta shiga littattafan makaranta, shi ya sa hannunka ya saba da ita. Rubuta wadda ka ga dama, amma kar ka yar da ƙugiyar ƙ. Na ga a saƙonka "wuka" ka rubuta sau biyu, ni na gyara.

Kanif kuwa baƙuwa ce, daga Faransanci ta zo ta hanyar lakwal, wato makarantar boko. Ba na faɗa da baƙin kalmomi, don in za a kore su duka, aljihun da kake sa wuƙar ma sai ya tafi: daga Larabci muka aro shi, tare da almakashi da alƙalami da allura. Takobi ma ɗan uwan kalmar Buzaye ne. Abin da ya sa na fi son "wuƙar aljihu" shi ne ta bi tsarin da Bahaushe ke raɗa wa wuƙaƙe suna tun da. Ko dai ya kira ta da aikinta, kamar wuƙar yanka da wuƙar fiɗa, ko ya kira ta da wurin da ake ɗaura ta, kamar wuƙar ƙugu da wuƙar damtse irin ta makiyayan arewacin Dakoro. Ka ga ba sai an yi wa tsohuwa bayani ba. In ka ce mata wuƙar aljihu ta gane, in ka ce kanif sai ta tambaye ka ko abin ci ne.

Da na buɗa hoton sosai na ga tambarin hannu da kambi a jikin ƙarfen, da zobe a wuyan ƙotar. Opinel ce ke nan, ƴar yankin Savoie na ƙasar Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890. Zoben da kake murɗawa don kar ta rufe maka a yatsa sai a 1955 aka ƙara shi. In lamba 8 ce, kamar yadda take kama, tsawon ƙarfenta santimita 8.5 ne, bai kai tafin hannun babba ba. Riƙe wannan ƙanƙantar, za mu dawo kanta.

Tunda kana son barin Faransanci, ga sunayen sassanta. Itacen da kake riƙewa ƙota ne, wasu a nan su ce ɓota. Ƙarfen kansa maƙera na kiransa ruwa, kamar yadda suke cewa ruwan gatari ko ruwan garma, kuma na san wannan zai ba ka dariya tunda a bakin ruwa ka ɗauki hoton. Gefen da ke yanka shi ne baki, ƙarshenta mai suka shi ne tsini. Kaifi ba sashe ba ne, hali ne na bakin. Daga nan aka sami "mutum kaifi ɗaya", wanda maganarsa ta safe ita ce ta yamma. Wuƙarka ma kaifi ɗaya ce, bayanta ba ya yanka, kana iya ɗora babban yatsa a kai ka danna ba fargaba. Haka ake jingina da mutum kaifi ɗaya.

To, karin maganar da ka nema. Akwai wanda kamar don wuƙarka aka yi shi: wuƙar fiɗar giwa ba girma gare ta ba, sai kaifi. Kakarka za ta ce "yuƙar hiɗar giwa", duk ɗaya ne.

Kula da kalmar da aka zaɓa. Ba a ce wuƙar kashe giwa ba, ba a ce ta sara ba, aka ce ta fiɗa. Fiɗa ita ce raba fata da nama bayan dabba ta faɗi, kuma ko wane mahauci zai gaya maka ba aikin ƙarfi ba ne. Aiki ne na bin tsakanin fata da tsoka sannu a hankali, ba tare da an huda fatar ba. Babbar wuƙa a nan nauyi kawai za ta yi wa hannu. Waɗanda suka yi wannan magana sun san giwa ba a labari ba, don har yau dattawan kudancin Madarunfa na ba da labarin giwayen dajin Baban Rafi. Ana faɗar karin maganar ne in an raina wani don ƙaramin jiki ko ƙuruciya ko rashin dukiya, sai ya gama aikin da ya gagari manya. Ɗan kokawa siriri ya ka da ƙato, sai ka ji wani daga cikin ƴan kallo ya jefa ta.

Kuma a ƙasar nan tamu maganar ta tabbata a zahiri, a kan abin da ya fi giwa girma. A farkon shekarun 1980 gonakin Maradi sun zama fili fetal, ana ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aikin gona a nan, ya lura cewa ƴan tsirran da ke fitowa cikin gonaki, waɗanda ake sharewa duk shekara, ba ciyawa ba ne. Tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a rage musu ƙananan rassan gefe. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. Ina son wannan suna ƙwarai. Sassabe a da shi ne a share komai kafin shuka, sai ga shi an ɗauki kalmar an juya ta, ta zama sassaben da ke barin kalgo da sabara da gawo su tashi. An ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, kuma kayan aikin bai wuce wuƙa mai kaifi ko lauje ko ƴar adda ba. Kaifin dole ne, don dakusasshiyar wuƙa tsaga reshe take yi ta bar masa rauni.

Sai dai ina da ƙorafi a kan hotonka, kuma ka yi haƙuri da tsoho. Karin maganar kaifi take yabo, hoton kuwa bai nuna kaifi ba. Ya nuna ƙota mai sheƙi da ƙarfen da ko tabo babu. Ka san abin da muke nufi in muka ce "wane ai hoto ne" a ofis ko a gida: yana nan a zaune, kyan gani, ba ya ɗaure ba ya kwancewa. Kalmar da muka aro daga Turawa, muka mai da f ɗinta h kamar yadda muka yi wa huɗu da hutu, ita ce muka mai da sunan abin da ba ya aiki. In ka sa wuƙar fiɗar giwa a ƙarƙashin wannan hoton, wani mai baki zai amsa maka da fankan-fankan ba shi ne kilishi ba, kuma ba zan iya kare ka ba.

Ɗauke ta tana aiki. Hausa na da kalma ga kowane motsin wuƙa, kuma nan ne za ka sami abin rubutawa. Ana feƙe asuwaki ko tsinke, wato a yi masa tsini. Ana fere rake ko mangwaro, a cire bawon da wuƙa, amma lemo da gyaɗa ɓarewa ake yi da hannu. Ana kankare ɓawon itace, ana yanyanka albasa, ana datse igiya, ana tsaga kaba. Sara kuwa ba nata ba ne, na gatari da adda ne, kar ka gwada. Hoton sandar rake rabinta a fere, ɓawon ya zube a kan yashin gulbi, wuƙar na gefe da danshi a bakinta, shi ne zai ɗauki wancan karin maganar.

Abu ɗaya kuma. Ka rubuta a wani hoton "na shiga daji da wuƙata". Cire wannan. Da can mai shiga daji mafarauci ne ko mai neman itace, a ƙauye ma "ya tafi daji" na iya nufin ya je biyan buƙata. Yanzu, da abin da ke faruwa a kan iyakarmu ta kudu, kalmar ta ɗauki wani nauyi, kuma ba saurayi mai babur da wuƙa ne zai yi wasa da ita ba. Ka ce ka fita shan iska bayan gari. Ka kuma tsaya inda mutane suke.

Wata malamar makaranta daga Tibiri ta tambayi asalin "shi ke da wuƙa da nama". Malama, je ki wurin watanda ana gobe salla, za ki gan shi da idonki. Mutane sun haɗa kuɗi sun sayi sa, an yanka, kowa ya zuba ido. Mai nama ba wuƙa sai ya jira, mai wuƙa ba nama ba shi da abin yanka. Wanda duka biyun ke hannunsa shi ke cewa wannan kason wane ne. Ana faɗa wa wanda iko ya tattaru gare shi ba mai ce masa don me. Ba yabo ba ne, ba zagi ba ne, amma sau da yawa akwai ɗan gunaguni a ƙarƙashinsa.

Wani dattijo daga Tasawa, da alama mai barkwanci ne, ya ce: "Malam, ana ce wa mai fushi ya mai da wuƙarsa kube. To, waɗannan na yaran zamani masu naɗewa, da ba su da kube, ina za a mai da su?"

Yallaɓai, Allah ya ja kwana, tambayar ta fi ƙarfin raha. Kube aikin dukawa ne, kuma mu da muke da jar akuyar Maradi ba a gaya mana kyan fata. Wuƙa mai kube zare ta ake yi, kalmar zarewa kuwa da barazana take tafe: in aka ce wane ya zare wuƙa a kasuwa, ba wanda zai ɗauka rake zai fere. Mai naɗewa ba a zare ta, buɗe ta ake yi a rufe, kamar ƙofa, don ƙotarta ita ce kubenta. Wadda ta fi nuna haka ita ce Douk-Douk, da ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929 aka yi ta kai wa ƙasashen da Faransawa suka mallaka: ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke, bakin ya shige ciki. Amma karin magana ba ya bin kayan kasuwa. Har yau muna cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, alhali yawancin masu faɗa ba su taɓa sa wa doki linzami ba. Ko kube ya ƙare a duniya, ranar sulhu shi za a ambata.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ta ce ita da ƙawarta sun yi gardama: "wasa ƙwaƙwalwa" daga wasan yara yake ko daga wasa wuƙa?

Ƴata, in ke kika ce wuƙa, kin ci. Rubutu ne ya haɗa su, baki bai haɗa ba. Faɗi "wasa" na yara ki saurari kanki: murya na farawa ƙasa ta hau. Faɗi "ya wasa wuƙa": tana farawa sama ta sauka. Da wasan yara ne da sai a ce wasan ƙwaƙwalwa, da n a tsakani. Wannan ta biyun ita ce ta ba mu washi da dutsen washi, ita ce kuma maroƙi ke yi in ya wasa basarake da kirari har ya ji kansa ya yi kaifi, ya sa hannu a aljihu. In jarida ta ce ƴan siyasa sun wasa wuƙaƙensu, shiri take nufi. Kishiyarta dakushewa, wadda ke samun wuƙa da murya da basira duka.

Na koma kanka, ɗan Zariya, don na manta abu biyu. Duba jikin ƙarfen. In an rubuta Inox, ba ruwanta da tsatsa sosai. In Carbone aka rubuta, ta fi saurin ɗaukar washi amma tana tsoron danshi, sai ka goge ta bayan ka fere rake ka shafa mata ɗigon man gyaɗa. Baƙin da za ta yi in ta yanka lemon tsami ba tsatsa ba ne, bar shi. Da damina kuma ƙotar kan sha danshi ta kumbura ta riƙe bakin gam. Kar ka sa farce ka ja. Kama ta ta wajen zoben, ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan kututturen nan naka na gawo, tsinin zai leƙo da kansa.