Malama, na sha irin wannan a kan Invisible Man

Wa alaikis salam Malama. Kin tambayi yadda za ki koyar da To Kill a Mockingbird ga 'yan SS2, alhali shari'ar da ke tsakiyar littafin ta zargin fyaɗe ce, kuma yaran ba su san komai game da Amurka ba sai abin da suke gani a fim. Wallahi kin fama min tsohon ciwo, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Kafin ki buɗe shafin farko a aji, ki rubuta wa shugaban makarantarku takarda, ki faɗi abin da ke cikin littafin babi babi, ki haɗa da jerin littattafan WAEC, ki sa ya sa hannu, ki ajiye kwafi a gida. Kada ki yarda da "ba komai, ki ci gaba" na baki.

Ni a kan Invisible Man na Ralph Ellison aka yi min, lokacin da yake cikin manhaja tare da wasan kwaikwayon Fences. Duk wanda ya koyar da shi a nan ya san babi na biyu, labarin Trueblood, mutumin da ya yi wa 'yarsa ciki. Tun farkon zango na je ofis na yi wa shugabanmu bayani, na ce akwai wuraren da zan taƙaita da bakina ba tare da an karanta a fili ba. Ya ce ai ni ce masaniya, ya amince da ni. Sai yayan wata ɗaliba, ɗan jami'a, ya ɗauki littafin a gida ya karanta wa mahaifinsu wurin. Ban ga laifin uban ba ko kaɗan, uba ne, dole ransa ya ɓaci. Amma ranar taron iyaye da malamai, mutumin nan da ya ce ya amince da ni ya miƙe da littafin a hannu yana kaɗa shi, ya ce shi bai san ana shigo da irin wannan ƙazanta makarantarsa ba, kuma zai binciki malamar da ta kawo. Ina zaune a layin gaba. Malamai 'yan uwana kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya buɗe baki ya ce hukumar jarrabawa ce ta sa littafin. Wata uwa da nake gaisawa da ita kullum ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, har yau ina ganin kallon nan. Ni matar aure da 'ya'ya, a ce ina lalata 'ya'yan mutane! Maganar ta riga ni isa gida, sai da surukata ta kira maigidana. Daga baya shugaban ya kira ni ofis yana dariya, wai in yi haƙuri, siyasar iyaye ce. Bai taɓa karanta ko shafi guda na littafin ba. Ya hana a karanta shi a aji, ya ce mu koma wa 'yan ƙananan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta. Yaran da suka fara tambayata me ya sa mai ba da labarin ba shi da suna, me ya sa ya kunna ƙwan lantarki 1,369 a ramin da yake ɓoye, suka koma hadda. Wannan ya fi cin mutuncin yi min ciwo. Na bar shi da Allah.

To, naki littafin ya fi nawa sauƙi nesa ba kusa ba. Harper Lee ta ba da labarin ta bakin yarinya ƙarama, Scout, don haka ba a kwatanta komai na batsa. Abin da ke ciki ƙazafi ne da zalunci, kuma iyayen da kike tsoro sun san nauyin ƙazafi a addini. Da wannan za ki fara yi musu magana.

Ki ba tarihi mako guda cur, ko da tsarin darasi ya koka. Yaranmu suna ɗauka baƙar fatar Amurka duk mawaƙi ne mai kuɗi. Ki gaya musu an soke bauta a 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokokin wariya, makaranta daban, wurin zama a mota daban, har famfon shan ruwa daban, kuma sai 1954 kotun ƙoli ta haramta raba makarantu. Littafin ya fito a 1960, amma labarin na shekarun 1930 ne a jihar Alabama, lokacin karayar tattalin arziki. Ki ba su labarin Scottsboro na 1931, samari baƙaƙe 9 da aka zarga da yi wa fararen mata biyu fyaɗe a jirgin ƙasa, aka yanke wa 8 hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki, daga baya ɗaya daga cikin matan ta janye maganarta. Duk ajin da na ba wannan labarin sai ya yi tsit. Sannan ki bayyana musu cewa a can ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi laifi ba, mutum 12 ne daga cikin jama'a, kuma a shari'ar Tom Robinson, baƙar fatar da ake zargi a littafin, dukansu fararen maza ne. In ba su gane wannan ba, za su yi ta tambayar me ya sa alƙali bai sake shi ba.

Sashen farko, babi 1 zuwa 11, yana da jan jiki, yara sukan gaji da labarin Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ba ya fita daga gida. Ki karanta musu da muryarki, ki tsaya ki yi bayani da Hausa in sun ɓace, ba wanda zai kama ki. Babi 17 zuwa 21 kuwa ki mai da aji kotu. Ki bar su su gano da kansu cewa a gefen dama na fuska aka doki Mayella, Baturiyar da ke zargin Tom, mahaifinta bahago ne, shi kuwa Tom hannunsa na hagu injin gurzar auduga ya nakasa shi tun yana yaro. Don Allah kada ki riga su faɗa. Shaidar Mayella dai ke za ki karanta, kada ki ɗora wa wata yarinya a gaban maza, tsokana za ta bi ta har ta gama makaranta.

Babi na 15 ma kada ki yi masa gaggawa, inda gungun mutane suka zo gidan yari da dare za su ɗauke Tom, Scout ta gane Mista Cunningham ta gaishe shi ta yi masa zancen ɗansa, kunya ta kama shi ya ce wa sauran su tafi. Yaranmu sun san ɗaukar doka a hannu, wasu sun gani da idonsu a kasuwa. Za su yi magana, ki bar su.

A ganina kada ki mai da Atticus, mahaifin Scout mai kare Tom a kotu, waliyyi. Lauya ne mai gaskiya, amma ki tambaye su nawa muka ji daga bakin Tom da matarsa a duk littafin. Ki tambayi 'yan mata ra'ayinsu kan Mayella, mai shekara 19 da ba ta da ƙawa ko ɗaya. Irin wannan muhawara ce ke ba su abin rubutawa in an tambaye su jigo ko halin tauraro, takardun hadda ba sa bayarwa.

Fim ɗin littafin na 1962, wanda Gregory Peck ya fito a ciki, yana da kyau, amma sai bayan kun gama karatu, in ba haka ba fim za su rubuta miki. Shi ma ki sa shi cikin takardar da shugaba zai sa wa hannu. In kina so ki yi min magana ta gefe in turo miki irin wadda nake rubutawa yanzu a inda na koma, sai ki canza sunan littafin da lambobin babi.